Hijira Biyu a Cikin Littattafan Gasar 1933

A hutun da ya wuce na koma gida da littattafai biyu waɗanda aka ɗora mana a darasin ƙagaggun labarai, watau Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wata rana da dare ina zaune a tsakar gida ina dubawa, sai kakata ta wajen uba ta leƙo ta ce, "Kai maigida, mene ne a takardar nan har ya hana ka hira da amaryarka?" Na ce mata labari ne. Ta ce to in ba ta ta sha. Kwana huɗu muka yi ina karanta mata, tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Ganɗoki ya ba ta dariya ƙwarai, ta ce wannan tsoho ya iya zuƙi-ta-malle. Amma da muka shiga Shaihu Umar, muka kai inda uwar yaron ta fita nemansa, sai ta ture ƙwaryar gefe, ta ba ni wani labari na gidanmu wanda ban taɓa ji ba. Shi ne dalilin wannan ɗan rubutu.

Ta ce kakarta, wadda ta rene ta a ƙauyenmu can kudancin Kano, su uku ne ɗakinsu: ita, da wanta, da ƙanwarta. Wan shi ne ya bar gona da shuka a shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, ya bi Sarkin Musulmi gabas, bai komo ba. Wannan kuwa duk ɗan gidanmu ya san shi. Har yau akwai mutum uku a danginmu masu sunansa, kuma tsofaffi na cewa wani alhajin garinmu, zamanin da ake zuwa Makka ta ƙasa, ya kwana gidan jikokinsa a Sudan. Ƙanwar fa? Ita tun kafin wannan aka ɗauke ta a bakin rafi, a wani hari na Ningawa, ko aure ba ta isa ba. Na tambayi sunanta. Kakata ta yi shiru, can ta ce, "Wa zai riƙe sunan wadda ba ta bar baya ba?"

To, mai karatu, ga gida ɗaya da mutum biyu suka fita daga cikinsa, ɗaya da ƙafarsa, ɗaya da igiya. A ganina littattafan nan biyu, waɗanda suka fito daga gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya cikin 1933, kowannensu ya ɗauki ɗaya daga cikin tafiyoyin nan ne.

Bari mu fara da ta farko, tun da ita aka fi sani. Turawan Ingila sun ci Bida da Kwantagora cikin 1901, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka shiga Sakkwato ran 15 ga Maris na wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin mulkinsu, ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Da ma akwai daɗaɗɗen zance a bakin malamai cewa jama'ar Shehu za ta yi ƙaura gabas a ƙarshen zamani ta sadu da Mahadi, saboda haka duk inda ya bi sai mutane su kulle ɗakuna su ɗauki 'ya'ya su bi shi, har abin ya firgita Turawa. Ba kowa ne ya tafi ba. Wazirin Sakkwato Buhari ya zauna, ya kuma rubuta wasiƙa yana bayyana hujjarsa ta zama, watau kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Ka ga ke nan rabuwar ta ratsa fada kamar yadda ta ratsa gidan manomi. A Burmi, ƙasar Gwambe, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira cikin 1925, da yawa daga zuriyarsu da ta mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya can suka sami abin yi.

An haifi Bello Kagara cikin 1890, watau da wayonsa aka yi wannan rikici, kuma garinsu bai yi nisa da Kwantagora ba. Ganɗoki jarumi ne na wannan yanki, ya yaƙi Nasara, da ƙasa ta ɓaci ya yi gabas. Abin lura a nan shi ne bai tafi shi kaɗai ba.   Da tarihi ya ƙare da kaye kuwa, sai marubucin ya kai su duniyar aljannu da dodanni, inda ba bindiga mai ruwa, suka yi ta cin nasarar da aka hana su a gida, daga baya suka komo suna ba da labari. Wasu na yi wa wannan kashi na biyu kallon shirme. Ni dai na fi ganinsa a matsayin magani da ɗa ya haɗa wa ciwon zuciyar iyayensa.

Tafiya ta biyu ba ta da tuta, ba ta da ranar da za a ce ran nan ta faru, don kullum ake yinta. Heinrich Barth, wanda muka fi sani da Abdulkarimu, ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara za su kai kamar 5,000. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa a lokacin zuwan Turawa bayin da ke cikin Daular Usmaniyya ta Sakkwato sun kama daga miliyan 1 zuwa miliyan 2.5. Mafi yawansu a nan gida suka ƙare, a rumada da gandayen sarakuna da cikin gidaje. Waɗansu kuwa ayari ya ketare hamada da su, ko dai ta Damagaram da Azbin da Gat zuwa Gadamas, ko ta Barno da Bilma da Murzuk, duk dai a ɓulle Tarabulus. Daular Turkawa, wadda ke riƙe da Tarabulus a lokacin, ta hana wannan ciniki a takarda tun 1857, amma fatake suka ci gaba a ɓoye har ƙarshen ƙarnin.

Wannan hanya ce Abubakar ya bi da alƙalaminsa, yana matashin malami mai shekara 21 da ya fito daga Kwalejin Katsina. Ga waɗanda suka daɗe ba su duba littafin ba, ga yadda abin yake. Umar maraya ne a Kagara, uwarsa mutuniyar Fatika ce, ta auri Makau, bafade mai faɗa a ji wurin sarki. Aka tafi hari ƙasar Gwari, da aka komo sai 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri cewa ya ɓoye waɗansu bayi bai kawo wa sarki ba. Aka washe gidansa, aka kore shi, ya ƙare a Maƙarfi. Uwar ta je Fatika sallamar iyayenta kafin ta bi miji, ta bar yaro a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya isa Kano, wani Balarabe, shi ma Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Uwar ta fita nema, aka yaudare ta, ita ma ta faɗa bauta, aka ketare hamada da ita. Sun sadu daga ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta cika. Guguwar rairayi ta binne ayarin Abdulkarim, yaƙin Rabe, wanda ya rushe Kukawa cikin 1893, ya dagula ƙasar Barno, Umar ya ƙare a Rauta ta ƙasar Bauci yana koyarwa, ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwa.

A makarantar sakandare an koya mana cewa jigon littafin nan haƙuri ne da sakamakonsa, haka muka rubuta a jarrabawa muka ci. Yanzu da na sake karanta shi a gaban tsohuwa, sai na ga haƙurin Umar bai da tsada sosai. Yaro ne, ba ya zaɓen kome, ɗaukarsa ake yi ana ajiyewa, kuma Allah ya haɗa shi da ubangida nagari. Wadda ta zaɓa ita ce uwar. Tana da miji da ya sake kafa gida, tana da iyaye, tana da hanyar da za ta ce ƙaddara ce ta zauna ta haifi wani. Ta ƙi. A duk littattafan gasar nan biyar, har da Ruwan Bagaja da Idon Matambayi da Jiki Magayi, ban ga wanda ya yi tafiya mai nauyin tata ba, ga shi kuwa ba sunanta ne a bangon littafin ba.

Sai kuma mu tambayi kanmu, wa ya watsa gidan nan? Ba Bature ko ɗaya a cikin wannan al'amari. Fada ce ta watsa shi, da hassadar fadawa, da sarkin da ke yanke hukunci kan tsegumi. Kuma harin da Makau ya tafi iri ɗaya ne da wanda Ganɗoki ke yi wa kirari. Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora ya yi suna wajen irin wannan hari a ƙasar Gwari da Kambari, har Turawa suka ruwaito cewa ya kwatanta kansa da kyanwar da ba a raba ta da kamun ɓera. Abin da Bello Kagara ya hango daga kan doki, shi Abubakar ya duba daga ƙasa. Kada mu manta kuma da lokacin da ya yi rubutun. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Watau ranar da aka buga Shaihu Umar akwai tsofaffi a gidajen manya da har yanzu bayi ne a idon doka, kuma 'ya'yan masu gidajen ne ke karanta littafin a makarantun midil. Wanda ya lura da wannan ba zai yi mamaki ba da ya ji cewa mutumin nan ne ya miƙe a Majalisar Kaduna cikin 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talaka bakin magana.

Duk da haka ina da ƙorafi a kansa, ko da yake na san ɗalibi ne ke ja da Firayim Minista. Tausayin littafin ya tsaya kan ɗa Musulmi da aka bautar bisa zalunci. Yaran Gwarin da Makau ya kamo fa? Su ma suna da uwaye, kuma da kuɗinsu ake cefane a gidan da Umar ya fara wayo. Labarin ya ƙirga su kamar awaki ya wuce. Abdulkarim mutumin kirki ne, amma da fataucin mutane ya tara abin da ya ciyar da Umar. Shaihun da kansa, da ya tsufa yana ba almajiransa labari, bai tsaya ya yi musu fatawa kan wannan ba. Ko marubucin ya bar mana giɓin ne da gangan don mu gani da kanmu, ko kuwa iyakar inda idon zamaninsa ya kai ke nan, wannan magana ce da nake so ƙungiyarmu ta sa a muhawara. Masu son su gwada da yadda wasu suka fahimce shi suna iya duba wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka gyara aka nuna a Balin cikin 2018.

Waɗanda aka kai arewa ba su ɓace sarai ba, sai dai ba mu muka adana labarinsu ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, ya sami 'yanci a Kukawa, ya bi Barth har Ingila, ya faɗa wa Schön tarihinsa da Hausa aka buga cikin Magana Hausa a 1885, ya kuma rasu a Kano cikin 1912. Shi ya yi sa'a irin ta Umar. Wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da jama'ar Hausawa a Tunis da Tarabulus suna bori, ya rubuta littafi a kansu cikin 1914. A Tunisiya har yanzu akwai kiɗan da ake kira Sitambali, wanda zuriyar bayi suka gada, ana jin kalmomin Hausa da na Barbarci a cikin waƙoƙinsa, alhali Larabci ne harshen masu rerawa. Ɗan Mai Wurno zai lissafa maka kakanninsa har Sakkwato, ya zo ziyara a yanka masa rago. Mai kiɗan Sitambali kuwa kalmomi suka rage masa, ba gari, ba sunan gida. Wa ya sani ko a cikinsu akwai jinin yarinyar nan ta bakin rafinmu?

A dare na huɗu da na rufe littafin, kakata ba ta tambayi kome game da Umar da malantarsa ba. Cewa ta yi, "Ita uwar, a ina aka binne ta?" Na ce a ƙasar Larabawa, Iya. Ta ce, "Ɗan nata yana wurin?" Na ce yana wurin. Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta ta ce, "To ai ita ta gode Allah." Da safe ta aike ni gidan wata tsohuwa a unguwar gabas, sa'ar yayarta, wai ko ita ta taɓa jin sunan ƙanwar nan a bakin manya. Na je na tarar ta tafi biki wani ƙauye, hutu kuma ya ƙare kafin ta komo.