Daga tunkun jibda zuwa kwalbar Dubai: ƙamshin namiji a ƙasar Damagaram

Wata magana ta shigo fadojin samarinmu, daga Mallawa har Dungas da Magarya: wai namiji bai cika ba sai yana da turaren da ba kowa ke da shi ba, wanda in ya gitta za a ce wane ne ya wuce. A waya suka tsince ta, inda masu talla ke yabon turaren ƙananan kamfanonin Turai da ake yi kaɗan a sayar da tsada. Iyaye da yawa na ɗaukar abin baƙon ɗabi'a. Ni kuwa ina ganin tsohuwar sha'awa ce, kuma in mun san tarihinta za mu fi iya yi wa yaranmu magana.

A ƙarni na 19 yankinmu, ƙasar Sosebaki ta su Dungas da Washa, yana ƙarƙashin Damagaram, ita kuma Damagaram zango ce a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi Ghat da ƙasar Azbin, ya sauka Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa kayan da Larabawa ke kawowa, a ciki har da kayan ƙamshi irin su jawul da kanumfari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayaninsa kan man wardi: ana shigo da shi da yawa, amma kaɗan ne ke isa kasuwa, domin a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manya, ko a ba su kyauta. Ashe turaren da ba kowa ke samu ba ya girmi kakanninmu. Bambancin kawai, a wancan zamani ƙamshi na faɗin matsayin mutum da gaskiya. Wanda ka ji wardi a jikinsa, to ya shiga fada ko ya yi hulɗa da madugu.

Ba duka daga waje yake zuwa ba. Akwai jibda, wadda ake kankarowa daga jikin dabbar da ake kira tunkun jibda, ana tsare ta a keji saboda haka. Ɗanyarta wari gare ta mai hawa kai, sai an tsarma ta sosai take zama ƙamshi, kuma masu haɗa turare a Faransa sun daɗe suna amfani da ita don ta riƙe ƙamshi ya jima. Talaka kuwa yana da kajiji da saiwar jema da ƙaron hano, duk daga dajinmu da fadamunmu.

Abu biyu suka rushe wannan tsari. Faransawa sun kama Zinder a 1899, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma shigowa ta teku, ayarin Tarabulus ya mutu. Daga nan fuskar kasuwarmu ta juya kudu, har yau kuma can take kallo. Mutumin Mallawa ya fi sanin kasuwar Alhamis ta Maigatari a kan ta Yamai.

Ta wannan hanya ce ƴar ƙaramar kwalbar da ta mamaye ƙasar Hausa ta iso mana. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar da Bint el Sudan, wanda muke ce wa Bintu Sudan, bayan wakilinsa Eric Burgess ya koma daga Sudan da samfurin ƙamshin da mutanen can ke so. An yi shi da mai, ba da alkwal ba, wato an yi shi ne don Musulmi ya shafa ya shiga masallaci hankali kwance. Daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano. Shi da ƴan uwansa, ɗan goma da ɗan duwala, suka shiga lefe, suka shiga aljihun liman, suka shiga wankan gawa. Karo na farko manomi da hakimi suka iya sayen kwalba iri ɗaya.

To in kowa kwalba ɗaya yake saye, me ya sa dattawan da muka taso muka gani kowanne da ƙamshinsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar tana cikin gida. Damagaram ta daɗe tana bin Barno, kuma daga matan Barebari da Shuwa matanmu suka koyi humra da turaren wuta. Mace za ta jiƙa itacen sandal, ta soya farce ta daka, ta zuba almiski da kanumfari, ta ƙara turaren kwalba biyu ko uku gwargwadon yadda uwarta ta koya mata, ta rufe ta bar shi ya kwana biyu. Daren Juma'a a kifa kwando a kan kasko, a shimfiɗa babbar rigar maigida da rawaninsa su sha hayaƙi. Ƙamshin da ke kama zare haka ba ya fita da wanki ɗaya. Shi ya sa yaro ke gane rigar ubansa cikin duhu. Haɗin gidan wane daban da na gidan wane, kuma ba a sayar da shi a kanti ko da nawa ka zo.

Zuwa hajji ta jirgin sama da fataucin Dubai sun kawo zango na uku: oud, da sunaye irin su Ajmal da Rasasi da Al Haramain, yanzu kuma Lattafa da ta cika shaguna. Yawancinsu na fesawa ne, masu alkwal. Malamai sun saɓa kan hukuncin wannan, kowa ya tambayi nasa. Abin da ba saɓani a kai shi ne zafin watan Afrilu: alkwal na tashi nan da nan, turaren da aka auna don sanyin Paris ba ya kai yaro azahar, sai ya yi ta ƙarawa har ajin da ke da ɗalibai fiye da kima ya gagari numfashi. Duk malamin da ya koyar da masu asma ya san abin da nake nufi.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Creed Aventus, da ya fito a 2010, samari kuma suka haddace sunansa, kwalbarsa mai mililita 100 ta haura yuro 250, wato sama da jika 160 na sefa. Wanda ake miƙa wa yaro a tasha da wannan suna a kan jika uku ko huɗu jabu ne, ba wanda ya san abin da aka ɗura ciki, wani ma har ƙuraje yake fitarwa. Na ga ɗalibin da ya sayar da akuyar da aka ba shi kiwo ya sayo irin wannan, ya dawo ya tarar abokansa uku da kwalba iri ɗaya. Ya biya kuɗin fita daban, ya samu na gama-gari.

Ban ga amfanin mu hana su ba, tunda shafa turare ranar Juma'a sunna ce da mu muka koya musu. Ni dai idan yaro ya kawo mini zancen, sai in tura shi wurin mai turaren mai a kasuwa, ya zauna a haɗa masa kala biyu ko uku a ƴar kwalba, ya shafa a hannu ya yini da shi cikin rana kafin ya biya, ya kuma rubuta ma'aunin ya adana. In kakarsa na raye, in ce ya je ya tambaye ta me take zubawa a kaskon kakansa, ya tafi da takarda da biro, domin tsofaffin da suka san ma'aunin farce da sandal da ka ba su da yawa yanzu a unguwarmu.