Labarin Sa'asa'atu Mai Fansar 'Ya'ya Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa, a zamanin Jahiliyya waɗansu Larabawa sukan binne 'ya'yansu mata da rai, don tsoron talauci ko gudun abin kunya. Uban da aka ba amanar yarinya shi ke haƙa mata rami.

A cikin Banu Tamim akwai Sa'asa'atu ɗan Najiya, kakan Farazdaƙu mawaƙi. An ruwaito cewa wani dare ya fita neman taguwarsa biyu da suka ɓace, ya iske wani gida ana naƙuda, maigida kuwa ya ƙudura in mace ce zai binne ta. Aka haifi mace. Sa'asa'atu ya fanshi ranta da taguwar nan biyu da raƙumin hawansa. Bai gushe ba yana fansar irinta da dukiyarsa har Musulunci ya zo ya haramta wannan ɗanyen aiki, shi ma ya musulunta.

To, ya kai mai jin kukan yaro ta bayan katanga ana masa dukan kawo wuƙa, ko marainiya an hana ta abinci, kada ka ce gidan wani ne. Yi sallama ka yi nasiha. In an ƙi ji, kai magana ga liman ko mai unguwa. Wallahu a'alamu. Tammat.