Janar Hassan Katsina: Sojan da Aka Damƙa wa Arewa Yana da Shekara 32

Duk ranar 15 ga Janairu, idan 'yan mazan jiya suka fito fareti, za ka ga dattawa da lambobi jere a ƙirji, an goge su suna ƙyalli, kakin kuwa ya yi musu yawa domin jiki ya zabge. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ma akwai irinsu, sai dai kullum raguwa suke yi. Su ne samarin da suka ajiye fartanya suka shiga soja lokacin yaƙin basasa, sa'ad da Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, take jaririya. Mutumin da ke saman rundunar da suka shiga shi ne Hassan Usman Katsina. Yaran yanzu sun san sunan ne a jikin allon makaranta, ba su san nauyin da mai sunan ya ɗauka ba.

An haife shi ranar 31 ga Maris, 1933. Ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, jikan Sarki Muhammadu Dikko, gidan da aka sani da dawaki da wasan polo. Ya yi Midil ta Katsina, ya wuce kwalejin da yau ake kira Barewa, sannan a 1956 ya shiga soja. A wancan zamani ba abin alfahari ba ne ɗan babban gida ya sa kaki. Ana ganin soja aikin wanda bai da madafa ne. Shigar ɗan sarki ta taimaka wajen kawar da wannan kallo. Ya yi horo a Teshie ta ƙasar Gana, da Mons da Sandhurst a Ingila, ya zama hafsa a 1958, ya kuma je Kwango cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya.

Asubahin Asabar, 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, yana Manjo mai riƙe da rundunar motocin sulke a Kaduna. Kafin gari ya waye an kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa. A Ikko an tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, an kuma kashe manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam. (Ɗan Maimalarin, Abubakar, shi ne ya zo ya mulki Jigawa daga 1998 zuwa 1999.) Masu tarihin wannan rana sun ruwaito cewa Manjo Chukwuma Nzeogwu, jagoran sojojin da suka yi wannan yunƙurin juyin mulki a Kaduna, ya tare Hassan da bindiga a hannu, ya tambaye shi ko yana tare da su, shi kuwa ya ba da amsar da ta tsirar da ransa. Akwai masu ganin baikensa kan haka. Ni ban gani ba. Da ya yi gardama, da an ƙara gawa ɗaya, Arewa kuma ta rasa ɗaya daga cikin 'yan hafsoshin da suka rage mata.

Cikin 'yan kwanaki Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulkin ƙasa, ya naɗa Hassan Gwamnan Jihar Arewa. Saurayi ɗan shekara 32 ya hau kujerar Sardauna, ƙasa tun daga Sakkwato har Borno, tun daga Daura har Ilori, jama'a cikin makoki da fushi. Abin da ya yi na hankali shi ne bai nuna ya fi kowa sani ba. Ya jingina da ƙwararrun ma'aikatan da Sardauna ya bari, irin su Ali Akilu, sakataren gwamnati, ya riƙa jin ta bakin sarakuna, waɗanda a wurinsu ɗa ne kafin ya zama gwamna. Albashi bai tsaya ba, makarantu ba su rufe ba, En'e ta ci gaba da aikinta.

Amma ba za a ba da labarin 1966 a tsallake jini ba. Da Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu, wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe mulki wuri guda, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kiran "a raba". Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. A Satumba da Oktoba aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo kisan da ya ci dubban rayuka, mafi yawansu 'yan kasuwa da ma'aikatan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Kano sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye, suka buɗe wuta har a filin jirgin sama. Hassan ya je da kansa ya fuskanci sojojin da suka daina jin umarni, ya sa ransa a bakin bindiga don a tsaya. Wannan jarumta ce. Duk da haka a ƙarƙashin mulkinsa abin ya faru, kuma mai ƙaunarsa na gaskiya ba zai ɓoye hakan ba.

Ya halarci taron Aburi a Gana a farkon Janairun 1967, sulhun da bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, shida a Arewa. A nan ne nake ganin girman mutumin ya fi fitowa. Shi ne gwamnan yanki mafi faɗi a ƙasar, aka yanka yankin gida shida, kujerarsa ta tafi, bai ja da baya ba, bai tara kowa a bayansa ba. Ya karɓi shugabancin hukumar riƙon kadarorin haɗin gwiwa, ICSA, wadda ta kula da abubuwan da ba sa yankuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna. Ta wannan rabon jihohi ne Audu Baƙo ya zo Kano a matsayin gwamna, daga Kanon kuma aka fitar da Jigawa a 1991. Sakatariyar da mutumin Gwaram ke zuwa a Dutse yau, asalinta yana komawa ga wannan rabo da aka yi ba tare da an harba harsashi ko ɗaya tsakanin 'yan Arewa ba.

A watan Mayun 1968, ana tsakiyar yaƙi, ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Ba shi ne ke bakin daga ba; can akwai su Muhammadu Shuwa, Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle. Nasa aikin shi ne ɗaukar sojoji, horar da su, ciyar da su, da sasanta kwamandojin da kowannensu ke jin kansa. Rundunar da ba ta fi mutum dubu 10 ba kafin yaƙi ta haura dubu 200 lokacin da aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu, 1970. Ya bar kujerar a Janairun 1971, David Ejoor ya gaje shi. Daga nan ya zama mataimakin babban hafsa a hedikwatar ƙoli, ya kuma riƙe kwamishinan tarayya mai kula da ma'aikata.

Juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975 ya kawo Murtala, aka yi wa manyan janar-janar ritaya gaba ɗaya. Manjo-Janar Hassan yana da shekara 42. Ya koma ga dawakinsa da sarautarsa ta Ciroman Katsina, ya shugabanci ƙungiyar polo ta ƙasa, gidansa a Kaduna ya zama wurin da masu neman alfarma da masu neman sulhu ke zuwa. Da mahaifinsa ya rasu a 1981, ɗan'uwansa Muhammadu Kabir Usman aka naɗa Sarki.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli, 1995, yana da shekara 62. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina na ɗauke da sunansa, haka gidan gwamnati na Kawo, haka kuma lambun shaƙatawa na Ƙofar Gamji a bakin kogin Kaduna, inda iyaye ke kai yara ranar sallah.