Daga SUBEB zuwa CAPS: Ma'anar taƙaitattun sunayen da iyaye ke gani a takardun makaranta

Hausawan da ke kasuwanci a babbar kasuwar Anacha, wato Onitsha, da 'yan uwansu mazauna Inugu da Fatakwal, da yawansu a can suka haifi 'ya'ya, a can kuma yaran ke karatu. Wasiƙar da yaro zai kawo daga makaranta, da rasit, da katin sakamako, duk da Turanci suke zuwa, cike da haruffa irin su ASUBEB da PTA da BECE. Kowanne daga cikin haruffan nan sunan wata hukuma ne, ko wani kwamiti, ko wata jarrabawa. Uban da ya san su ya san wanda ke da alhakin makarantar ɗansa, da kuɗin da doka ta hana a karɓa daga hannunsa, da takardun da zai riƙe ranar da ya tashi mayar da iyali Kano ko Katsina ko Sakkwato. Ga bayanin waɗanda aka fi cin karo da su.

Hukumomin ilimin bai-ɗaya

UBE shi ne shirin ilimin bai-ɗaya, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Ya ƙunshi shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Kafin shi an yi UPE, shirin firamare kyauta na 1976, wanda dattawa da yawa suka shiga makaranta ta dalilinsa.

UBEC ita ce hukumar tarayya da ke Abuja mai kula da shirin. Doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun haɗakar kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ba ta ɗaukar malaman firamare na dindindin, ba ta kuma gudanar da makarantu. Tallafi take bai wa jihohi don gina azuzuwa da sayen kujeru da littattafai da horar da malamai. Kafin jiha ta karɓi babban kason tallafin, sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, shi ya sa a kan ji cewa kuɗin wata jiha na ajiye a Abuja alhali rufin makarantunta na yoyo.

SUBEB ita ce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kowace jiha takan liƙa wa sunan harafinta: ASUBEB a Anambra, ENSUBEB a Inugu, RSUBEB a Ribas. Aiki ɗaya suke yi da SUBEB ta Kano ko ta Katsina.

LGEA ita ce hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kuma sakataren ilimi, wanda ake taƙaitawa ES, shi ne shugabanta. Nan ne ƙofar farko idan magana ta fi ƙarfin hedimasta. Anacha ta kasu ƙananan hukumomi biyu, ta Arewa da ta Kudu. Babbar kasuwa tana ta Arewa, unguwar Fegge kuwa tana ta Kudu. Don haka wurin da makarantar take shi ke nuna ofishin da za a kai ƙorafi, ba wurin da shagon uba yake ba.

Makarantun sakandare na jiha suna da tasu hukumar dabam. A Anambra sunanta PPSSC, a Inugu kuma PPSMB. Harufan PP a farkon sunayen biyu na nufin makarantun gaba da firamare. Dukkansu suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, wadda kwamishina ke jagoranta, kuma ita ce ke bai wa makarantu masu zaman kansu lasisi.

Abin da doka ta ce kyauta ne

Dokar 2004 ta wajabta wa kowace gwamnati a ƙasar nan ta samar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro, ba tare da ta ambaci jihar asalinsa ba. Wanda ya karɓi kuɗi a makarantar gwamnati a kan abin da dokar ta ce kyauta ne, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun.

Iyaye ma dokar ta ɗora musu nauyi. Wanda ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka kuma naira 5,000 ko wata biyu. Wannan ya shafi yaron da aka ajiye yana tsaron shago ko dako a kasuwa tun bai kammala shekarun nan tara ba.

A Anambra, Gwamna Chukwuma Soludo ya sanar da ilimi kyauta a makarantun gwamnati har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare a Satumbar 2023, sannan ya faɗaɗa shi zuwa babbar sakandare a 2024. Makarantu masu zaman kansu ba sa cikin wannan tsari.

Kwamitocin da ke cikin makaranta

PTA ƙungiyar iyaye da malamai ce. Iyayen ɗalibai da malaman makarantar kaɗai ke cikinta, kuma a taronta ake amincewa da duk wata gudunmawa da za a nema daga iyaye. Wanda bai halarci taro ba, sai dai ya ji adadin kuɗi daga bakin ɗansa. Uwar ƙungiyar ta ƙasa ita ce NAPTAN.

SBMC kwamitin al'umma ne na gudanar da makaranta, wanda aka shigo da shi a tsakiyar shekarun 2000. Bambancinsa da PTA shi ne ya haɗa har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar: wakilin sarauta, shugabannin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da wakilan ɗalibai, hedimasta kuma yakan zama sakatare. Shi ke tsara abin da makaranta ta fi buƙata, ya sa ido a kan zuwan malamai da ayyukan gini, ya kuma nemo yaran da ba sa zuwa aji. A makarantar da 'ya'yan Hausawa ke da yawa, nan ne wurin da ya dace Sarkin Hausawa ko shugabannin 'yan kasuwa su nemi a sa wakilinsu.

Akwai wani nau'in makaranta da baƙo daga Arewa zai iya rikicewa a kansa, wato makarantar mishan da gwamnati ke biyan malamanta. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin tsohuwar Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun coci-coci. A 2011 gwamnatin Peter Obi ta mayar da makarantun firamare sama da dubu ga majami'un da suka kafa su, ta ci gaba da biyan albashi. Tsofaffin makarantun Anacha biyu da aka fi sani da haruffansu, DMGS ta Angilika da aka buɗe a 1925 da CKC ta Katolika da aka buɗe a 1933, dukkansu na mishan ne.

A nan ne CRS da IRS ke da muhimmanci. Na farko darasin addinin Kirista ne, na biyu na addinin Musulunci. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini ko shiga ibadarsa ba, matuƙar ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su amince ba. Sashen kuma ya bai wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da addininta ga mabiyanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Abin da ya fi shi ne a yi tambaya a kan wannan tun ranar rajista.

Azuzuwa da jarrabawa

ECCDE shi ne matakin renon yara kafin firamare. JSS ƙaramar sakandare ce, SSS kuma babbar sakandare, kowacce shekara uku. Lissafin 6-3-3-4 na nufin shekara shida a firamare, uku da uku a sakandare, huɗu a jami'a. Idan an haɗa shida da ukun farko sai a ce 9-3-4. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara manhaja, kuma manhajar ɗaya ce a faɗin ƙasa.

CA shi ne makin da ɗalibi ke tarawa a cikin zango ta hanyar gwaji da aikin gida, wanda ake haɗawa da na jarrabawar ƙarshen zango. FSLC takardar shaidar kammala firamare ce, kuma ana yawan neman ta wajen ɗaukar aikin gwamnati da na kaki. NCEE ita ce jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kan ƙasa na gwamnatin tarayya, irin su FGC Inugu da FGC Fatakwal da FGGC Abuloma, inda ƙarin harafin G ke nuna makarantar 'yan mata ce. BECE kuma jarrabawar ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ce. Jihohi na shirya tasu, NECO ma na shirya tata.

A ƙarshen babbar sakandare hukumomi huɗu ne ke ba da takardar shaida. WAEC ta Afirka ta Yamma ce, an kafa ta a 1952, ta haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, jarrabawarta kuma ita ce WASSCE. NECO ta Najeriya ce, an kafa ta a 1999, hedikwatarta na Minna. NABTEB, mai hedikwata a Benin, ta makarantun fasaha da kasuwanci ce. NBAIS da ke Kaduna ta makarantun Larabci da addinin Musulunci ce, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta zama hukumar tarayya, kuma ana karɓar takardarta wajen neman gurbin karatu. A sakamakon WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 tsallakewa ce kawai, F9 faɗuwa. Jami'o'i na neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da Lissafi a mafi yawan fannoni.

Gaba da sakandare

JAMB hukuma ce, an kafa ta a 1978. Jarrabawar da take shiryawa ita ce UTME, darussa huɗu, maki 400, a kan kwamfuta, abin da ake kira CBT. Tun 2021 ba a yin rajistarta sai da NIN, lambar shaidar zama ɗan ƙasa. CAPS shi ne tsarin intanet da JAMB ke tabbatar da gurbi ta cikinsa. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma hakan na iya hana ɗalibi zuwa hidimar ƙasa ta NYSC bayan ya kammala.

Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga ELDS, wato jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Yawancin jihohin Arewa na cikin jerin, tare da wasu na Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. Jihar asali ake dubawa, ba wurin haihuwa ba. Saboda haka yaron da aka haifa a Anacha amma mahaifinsa Bakatsine ne, yana buƙatar takardar shaidar ƙaramar hukumar iyayensa tun kafin lokacin rajista.

NUC ke kula da jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da difloma ta ND da HND, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Wajen su ake tantance ko an amince da makaranta da kwas ɗin da take bayarwa. TETFund asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati ne, NELFUND kuma na bai wa ɗalibai rance.

Malamai

NCE na da ma'ana biyu. Idan ana maganar malami, takardar shaidar malanta ce da kwalejin ilimi ke bayarwa, kuma ita ce mafi ƙanƙantar takardar da aka yarda a koyar da ita. Idan kuwa ana maganar manufofi, majalisar ilimi ta ƙasa ce, inda ministan ilimi da kwamishinonin jihohi ke zama. TRCN, wadda aka yi wa doka a 1993, ita ke yi wa malamai rajista ta ba su lasisi. NTI da ke Kaduna na horar da malamai daga nesa. NUT ƙungiyar malamai ce tun 1931, NAPPS kuma ta masu makarantu masu zaman kansu. Kasancewar makaranta a cikin NAPPS ba ya nufin gwamnati ta ba ta lasisi.

Idan za a sauya wa yaro jiha

Rayuwar fatauci takan sa iyali su tashi a tsakiyar shekarar karatu. Da yake manhajar ɗaya ce, yaron da ya bar aji huɗu a Fegge zai iya shiga aji huɗu a Fagge, idan takardunsa sun cika. Abin da ake buƙata shi ne takardar sauya makaranta mai sa hannun hedimasta ko firinsifal, katunan sakamako masu ɗauke da makin CA, takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, da FSLC ko sakamakon BECE idan ya kai matakin. Sauyi a aji uku na babbar sakandare ya fi wahala, domin makaranta ce ke yi wa ɗalibi rajistar WAEC da NECO, tare da makin da ya tara a azuzuwan baya.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Malamin da bai saba da sunayen Hausa ba zai iya rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ya juya sunan yaro da na mahaifinsa. Irin wannan saɓani tsakanin takardar haihuwa da NIN da rajistar jarrabawa yakan tsayar da ɗalibi a ƙofar JAMB, gyaransa kuma na cin kuɗi da watanni. Duba yadda aka rubuta sunan a rajistar aji ɗaya na firamare ya fi kowane gyara sauƙi.