Taba: Daga Karibiyan Zuwa Lofen Bature

Kalmar "taba" baƙuwa ce. Tushenta "tabaco", sunan da Sifaniyawa suka yaɗa bayan sun tarar da ganyen a tsibiran Karibiyan a 1492. A bakinmu ta yi faɗi: taba sigari, taba gari mai kanwa da tsofaffi ke cusawa a leɓe, har tabar wiwi, wadda tsironta daban ne sam.

Masu shan lofe kuwa, a da in sun ce "tabar Ingila", wadda ba a zuba wa turare ba suke nufi. Yau gauraye ce: ganyen Bajiniya mai ɗan zaƙi, da Latakiya, ganyen da ake busarwa da hayaƙin itace, mai sunan wani garin Siriya. A haɗin mai sauƙin ƙamshi, Latakiya kaɗan ake barbaɗawa, ƙaurin ya tsaya sama-sama.