Ƙa'idar bafa: yadda kundayen Python ke aiki da ma'ajiya guda

Ƙa'idar bafa tsari ne a yaren Python na rubuta manhaja, wanda ke bai wa kundayen aiki daban-daban damar amfani da bayanai guda a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da kowanne ya kwafi nasa ba. Bafa yanki ne na wannan ƙwaƙwalwa, wato RAM, inda bayanai ke jere.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ne ya fito da Python a 1991. Yaren na da sauƙin koyo amma ba shi da sauri, shi ya sa ake rubuta kundayen lissafi da na hoto, irin su NumPy da Pillow, da yaren C. Matsalar ita ce yadda ɗaya zai miƙa wa ɗaya bayanai. A 2006 Travis Oliphant, wanda ya samar da NumPy, da Carl Banks suka gabatar da takardar PEP 3118 domin sabunta tsarin, aka kuma sanya ta cikin Python 3.0 a watan Disamban 2008.

Kundin da ke riƙe da bayanan yana faɗa wa mai buƙata inda suka fara, da yawansu, da nau'insu, da yadda aka jera su, da kuma ko an yarda a canza su. Tamkar mai rumbu ne da ya bai wa maƙwabci mabuɗi maimakon ya yi ta jidar hatsi zuwa gidansa.

Amfanin na fitowa fili idan bayanai sun yi yawa. Hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 da ya ɗauko yankin Tawa ko kwarin Keita yana da ɗigo 10,980 a kowane gefe, kusan megabait 240 ke nan a launi guda. Ɗalibin jami'ar Tawa da ke nazarin kwararowar hamada a Adar da ƙaramar kwamfuta, idan ya kwafi hoton sau uku ko huɗu, ƙwaƙwalwar na iya cika, aiki ya tsaya.

Sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan. Abin da kundi ɗaya ya canza, ya canza wa kowa. Haka kuma muddin wani na riƙe da bafar, Python na hana a ƙara ko a rage girmanta har sai ya sake ta.