Lokacin da Turanci Yake da Kawu da Baffa

Mun saba cewa Bature bai san kawu daban, baffa daban ba, duk uncle ne. Ba haka aka faro ba. Mutanen Ingila na dā suna kiran ɗan'uwan uwa eam, ɗan'uwan uba kuma fædera. Gwaggo fathu ce, inna kuwa modrige.

A 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada. Daga gare shi uncle da aunt suka shigo, sannu a hankali suka haɗiye kalmomin nan huɗu. Abin mamaki, asalin uncle a Latin, wato avunculus, kawu kaɗai yake nufi. Amita, wadda ta haifi aunt, gwaggo ce zalla. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan asarar: a zuba rumbun bayanai biyu wuri guda, daga baya a kasa rarrabewa.

Eam ya daɗe yana numfashi a bakin mutanen arewacin Ingila kafin ya ɓace, amma ɗan'uwansa oom na nan daram a Holan. A gidajenmu na birni kuwa, yara sun fara kiran gwaggo da inna anti, su duka biyun.